Na Ɗaga Allurar Inna

Lungun Bayan Injin Shinkafa,
Pemalang.
Ranar Alhamis.

Zuwa ga yayata, Yaya Turipah,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa irin ta ƙane ga wadda ta goye shi, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ya tsare ki daga ciwo da wulaƙancin baƙunta, ya haɗa ki da gidan aiki na mutanen kirki a can Taiwan. Ina yi miki jajen rasuwar tsohuwar da kika yi shekara uku kina jinya. Ko ba dangi ba ce, hannun da ya saba wanke mutum yana jin rashinsa. Na san tun daga lokacin kina zaune a gidan jira na ejan da ke nema muku aiki, hannunki ba aiki, don haka kada ki sa wa ranki damuwar rashin aike. Abin da kika yi wa gidan nan, ko daga yau kika tsaya, ba wanda zai buɗe baki.

Mu nan da sauƙi. Baba yana cin kunun shinkafa da safe, da rana in na murmushe masa tempe, wainar waken soyar nan, a cikin romo yakan ci rabin kwano. Hannun hagun yana nan yadda kika sani, amma na daman ya yi ƙarfi, har yana iya riƙe carbi. 'Yarki Nuraeni ta zo ranar Lahadi tare da kakarta ta wajen uba. Ta fitar da haƙori biyu na gaba, tana magana iska na fita, ta ce in gaya miki ta shiga aji biyu kuma ba ta ƙara jin tsoron agwagi.

Za ki yi mamakin ganin hoton takardu maimakon kira. Dalili shi ne in muna waya kina magana da sauri kamar mai tallar kifi a kasuwar safe, ni kuma ba abin da ke fita daga bakina sai "to, Yaya". Sai kin kashe nake tuna abin da na so faɗa. Wannan maganar kuwa ba ta "to" ba ce. Ki yi haƙuri da rubutuna, kin san inda karatuna ya tsaya, kuma don Allah ki karanta har ƙarshe kafin ki yi fushi.

Wata guda ke nan da Baffa Waslam ya zo bayan sallar Juma'a ya zauna a bakin gadon Baba. Ya ce wata bakwai da rufe masana'antar ɗinkin riguna inda nake aiki, ni ina zaune, shi yana ɗebo shinkafa daga shagonsa yana kawowa, kuma shi ba rumbun gwamnati ba ne. Ya ce ya yi magana da wani ejan mai ɗaukar matasa aikin jirgin kamun kifi na tsakiyar teku, shekara biyu ba a taka ƙasa, an ajiye mini gurbi. Baba kuma a mai da shi ɗakin bayan shago, inda yake tara tukwanen gas da kwalayen ƙwai. Ban ga laifin Baffa ba, Yaya, shi ma 'ya'ya huɗu gare shi. Amma kin san Baba sai an juya shi duk bayan awa biyu, in ba haka ba bayansa ya yi gyambo. Matar Baffa, Gwaggo Rasminah, mutuniyar kirki ce, sai dai tana kan shago tun hantsi har almuru, kuma ba ta gane maganar Baba. Tun da bakinsa ya karkace ni kaɗai nake gane abin da yake faɗa. Ranar da na bar su tare na dawo na tarar ta ɗura masa ruwa kofi uku, alhali roƙonta yake ta juya shi ya fuskanci alƙibla. Na durƙusa na roƙi Baffa wata ɗaya in nemo sana'ar da za ta ciyar da mu ba tare da ta raba ni da gida ba. Ya ce ya ba ni, in ta gagara in ɗauki jakata. Jibi Asabar watan ke cika, motar ejan kuma da safe take tashi.

Ba irin tunanin da ban yi ba a cikin watan nan. Na fara da acaɓa irin ta waya, da babur ɗin abokina Tohirin mai walda. Kowa cewa yake wannan ita ce sana'ar 'yanci, ka fita in ka so, ka dawo in ka so. Ƙarya ne. Waya ce ubangidanka, inda ta ce nan za ka. Rana ta uku ta ba ni fasinja har kusa da garin Tegal, daga can ta ba ni wani, ban shigo gida ba sai bayan awa biyar. Na tarar da Baba a ƙasa, ya miƙa hannu zai ɗauki kofi ya zamo, tururuwa na bin hannunsa na hagu bai ma ji ba. Bai yi faɗa ba. Kallona kawai ya yi. A ranar na mayar wa Tohirin makullinsa.

Sai na ce bari in yi abin da ba zai fitar da ni daga ƙofar gida ba. Na kafa kasko ina soya ayaba da tempe. Na manta cewa a lungun nan namu mata biyar ne ke wannan suyar, kuma huɗu a cikinsu mazansu sun rasu. Iya Darkonah, wadda tun muna yara take suya a bakin famfo, ta tsaya ta dube ni sama da ƙasa, ta ce, "Ikin, ashe kai ma ka zama bazawara ba mu ji ba? Da ka faɗa ai da mun kawo gaisuwa." Aka yi ta dariya, ni ma na yi. Amma da la'asar na ga farantinta ya koma gida da sauran kaya, abin da ban taɓa gani ba, nawa kuma bai ƙare ba. Ashe tuwon tsohuwa na raba biyu, kuma ba wanda ya ƙoshi. Na kife kaskon.

Daga nan na koma kiwon gyare. Kin san yadda mazan unguwar nan suke da tsuntsayen keji, mutum ya hana kansa taba ya sayo wa tsuntsu abinci. Na haɗa akwatin katako biyu, na jera kwalayen ƙwai a ciki, na zuba ƙwan gyare, ina ba su ganyen rogo. Abin da ba wanda ya gaya mini shi ne sai an zagaye bakin akwatin da leda mai santsi. Ranar da ƙafafunsu suka yi ƙwari sai suka hau katakon suka fito, dubbansu. Suna cikin tukunyar shinkafa, suna cikin takalmi, suna cikin zanen Baba, wasu har masallaci, liman na huɗuba suna amsawa. Kajin maƙwabta sun yi sallah ba wata. Ina ta tsalle da tsintsiya a tsakar ɗaki sai na ji wani sauti daga gado, na ɗauka shaƙewa ya yi. Dariya ce, Yaya. Baba ne ke dariya da rabin bakinsa har da hawaye, karo na farko tun da ya faɗi. Ita kaɗai ce ribar da na ci a gyare.

Bayan wannan saura kwana goma, kuma kaina ya ƙulle. Nakan zauna a bakin ƙofa inda nake jin numfashin Baba, in yi ta kallon lungu. Na fara lissafa wa kaina yadda zan koya wa Gwaggo ta sa filo a tsakanin gwiwoyinsa, in kuma tuna ba za ta samu lokaci ba. Na taɓa jin waɗanda suka dawo daga jirgin nan suna cewa labarin mutuwar iyaye sai an sauka ake ba mutum. Na roƙi Allah har na rasa kalmar roƙo.

A wannan zaman ne idona ya tsaya a kan igiyoyin shanya. Kullum ina ganinsu, ban taɓa duba su ba. Wandon makarantar ɗan gidan da ke kallonmu, ƙasan ƙafarsa da fil aka kama shi. Siket ɗin 'yar maƙwabciyarsu zif ɗin ya mutu, an ɗaure da zaren buhu. Na tashi na bi lungu uku kamar mai neman ɓatacciyar kaza, ina kallon shanya kawai. Kusan ba gidan da ba shi da abu ɗaya mai neman allura: aljihu a yage, hammata a ɓarke, rigunan makaranta sababbi ba a ɗinka musu tambari da suna ba alhali an koma karatu. Kuma mafi yawan gidajen nan na matan da ke aiki a masana'antun bakin titi ne. Suna wuni suna ɗinka wa mutanen wata ƙasa kaya, su fita tela bai buɗe ba, su dawo ya rufe, 'ya'yansu na yawo da fil. Telan kasuwa kuma ba ya son gyara, in ka kai masa zif sai ya jefa ƙarƙashin tebur ya ce ka dawo bayan mako biyu. Sai na ce to me zai hana tela ya zo ƙofar gida? Kin san tun ina ɗan shekara goma nake sa wa Inna zare a allura da idonta ya fara rauni, ita ta koya mini kalmasa da sa zif, masana'anta kuma ta ƙara mini sauri. Ga keken fasinja na Baba mai ƙafa uku, irin na takawa, yana tsatsa a bayan gida. Lungunan da ke kewaye da mu bakwai ne, in na zagaya su ba inda zan yi nisan da ya wuce tafiyar minti goma. Abu ɗaya ya rage, kin kuma riga kin san shi.

Ban manta ba, Yaya. Ina tsaye lokacin da Inna ta ce keken ɗinkinta naki ne. Ina kuma tsaye ranar sadakar bakwai da kika lulluɓe shi da zanenta mai ruwan ƙasa, kika ce a gaban dangi kada wanda ya taɓa shi sai kin dawo sadakar kwana dubu, ki zauna da kanki ki ƙarasa rigar da take ɗinka miki ranar da ta faɗi. Shekara biyu da 'yan watanni allurar nan tana soke a cikin hannun rigar, daidai inda ƙafar Inna ta tsaya. Ko shara nake yi kewaye wurin nake. Saura wata biyar kwana dubun ya cika, ni kuma saura mako guda. Na ɗauki waya sau uku zan kira ki, na ajiye, don na san in kika ce a'a zan ce "to".

Ranar Juma'ar da ta wuce, bayan na dawo daga masallaci, na zauna a kujerar Inna na yaye zanen. Ƙamshin man keken na nan. Baba yana kallona daga gado. Ya kira sunan Inna, sannan ya ce, "Ɗaga." Amma ba zan ɓuya a bayan mara lafiya ba, ko bai faɗa ba ina jin da na yi. Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Hannuna ne ya juya ƙafar keken, allurar ta fito daga cikin yadin, ta bar ɗan rami mai tsatsa kamar ƙwayar riɗi. Daga baya na kwance sukurori huɗu na ɗauke kan keken da ƙarfen fedar, na kai wa Tohirin. Teburin katakon ban taɓa shi da zarto ba, yana nan a kusurwarsa, na mayar masa da zanen. Tohirin ya cire kujerar fasinja daga keken Baba ya kafa allo, ya ɗora keken Inna a kai. Da ya gama ya ja baya ya ce wai ga Baba da Inna za su sake fita yawon amarci. Na so in yi dariya, abin ya ƙi.

Litinin na fita. Na shirya abin da zan riƙa kira, amma da na shiga lungun farko kunya ta kama ni, na kasa kira. Sai na kaɗa ƙararrawar keken. Na manta cewa ƙararrawar Baba ba irin ta kowa ba ce, tana da ɗan tsagu, kuma shekara talatin ita ke kiran matan unguwar nan zuwa kasuwa. Kafin in kai tsakiyar lungu ƙofofi sun buɗe. Tsofaffi uku suka fito, ɗaya har da kwandon cefane a hannu, tana kiran sunan Baba, tana cewa Kasnari ya miƙe, Kasnari ya miƙe. Da suka ga ni ne, ga kuma keken ɗinki a mazaunin fasinja, sai suka kewaye ni suna kallo. Iya Darkonah ce ta fara magana. Ta ce bazawara ta sake sana'a ke nan, yanzu kuma wa za a ƙwace wa abinci? Na ce ba kowa, Iya. Ta matso ta shafa kan keken, ta gane shi, ta ce, "Yayarka ta sani?" Na sunkuyar da kai. Sai ta shiga gida ta fito da zanen sallarta da ya yage a gefe, ta ce in yi a hankali, in na ɓata za ta soya ni da ayaba.

Tana tsaye a kaina na ɗinke. Ta ɗaga shi a rana ta duba ciki da baya, ta ce layin na Inna ne. Daga nan ban sake buƙatar murya ba. Na ce wa mata masu fita aiki su rataye abin gyara cikin leda a ƙofa kafin su tafi, su tarar da shi a nan in sun dawo. Talata na samu leda a ƙofa shida, jiya sha ɗaya. Ina yin lungu biyu in biyo gida in juya Baba, in ba shi ruwa, in sake fita. In ya ji ƙararrawar tana matsowa yakan buga ƙarfen gado da zobensa, tun daga waje nake jin amsarsa. Kwana uku ke nan shinkafar da muke ci daga allurar nan ta fito, ba daga shagon Baffa ba. Ba na cewa arziki ne. Na karya allura biyu, cinyoyina kamar ba nawa ba, in damina ta kama ban san yadda zan yi da ruwa ba. Amma bayan Baba ba tabo ko ɗaya.

Jiya da la'asar Baffa ya tare ni a bakin famfo. Ya zagaya keken sau biyu, ya ce ashe gyare sun bar mini sauran hankali. Ya miƙo wani wandonsa da gindin ya fashe ya ce in nuna masa. Na ɗinke, ya ja da ƙarfinsa duka bai buɗe ba. Na ɗauka magana ta ƙare. Sai ya ce kwana uku ba sana'a ba ce, kuma wanda ya hau dokin aro ba ya cewa ya yi doki. Ya ce shi ma yana wurin ranar da kika yi alkawarin nan a kan zanen mamaciya, ba zai sa hannu a karya shi ba, Gwaggo ma tun da ta ji take cewa an tayar da abin da ke kwance. Hukuncinsa shi ne: in mai keke ta faɗa da bakinta cewa ta yarda, zai sallami ejan, ya bar ni da Baba mu gani har kwana dubun. In ba ki yarda ba, ko bai ji daga gare ki ba kafin safiyar Asabar, keke ya koma kan teburinsa, ni in hau mota. Na ce na amince, don gaskiya ya faɗa.

To ga shi, Yaya, na kawo miki kaina. Na ci amanarki, na sani, kuma na san ba don ƙarfe kika lulluɓe keken nan ba. Ke ba ki samu ganin Inna a kwance ba, kina cikin jirgin sama aka binne ta, allurar nan ita ce abin da ya rage miki wanda hannunta ya bari da ɗumi. Na ɗauke miki shi ban tambaya ba. Abin da ya koro ɓera ya faɗa wuta ya fi wutar zafi, amma wannan ba ya mayar da allura raminta. In kika ce in mayar, wallahi zan mayar, sukurorin huɗu suna cikin gwangwanin maganin Baba. Zan tafi jirgin ba tare da na riƙe ki a zuciya ba. Sai dai ina roƙonki, kafin ki yanke, ki tuna ɗakin bayan shagon Baffa, ba taga, ki tuna mutumin da zai kwanta a ciki yana magana ba mai ji. Ba ni za ki kira ba, kin san abin da zan ce. Baffa za ki kira.

Baba yana gaishe ki, na karanta masa takardar nan, ya ce in rubuta miki "'yata" kawai, sauran ya ce kin sani. Baffa Waslam da Gwaggo Rasminah suna gaisuwa. Iya Darkonah ta ce ki ci abinci, a hoton ƙarshe wuyanki ya yi tsawo. Tohirin yana gaisuwa. Ki gaishe mini da Sumirah 'yar lungunmu in kuna haɗuwa, ki ce mata mahaifiyarta lafiya lau, jiya na sa mata zif a jakar asibiti.

Rigarki kuma tana cikin akwatin Inna, na naɗe ta da ganyen pandan mai ƙamshi kamar yadda Inna take yi. Ban ƙara mata ɗinki ko ɗaya ba. Da zan yanke zaren ban yanke shi a gindi ba, na ja shi ya kai kamu biyu, na sama da na ƙasa, na naɗe a jikin ɗan kwali. Duk ranar da kika dawo, ko ina nan ko ina teku, za ki zura shi a allura ki ci gaba daga inda ta tsaya, da zarenta.

Ƙanenki mai jiran kalmarki,
Sodikin